Obin ɗin bango ya daina zafi bayan ya wanke kansa: a gyara ne ko a sayi sabo?

Da daddare na danna maɓallin wankin kai na obin ɗinmu, irin wanda ake kafawa a cikin kabad ɗin bango. Na ji sakatar ƙofa ta shige, na bar shi yana aikinsa. Washegari da safe na buɗe, ciki tas, sai ɗan farin toka a ƙasa wanda na share da jiƙaƙƙen tsumma. Agogo na tafiya, fitilar ciki na kamawa. Na saita zafi, na jira minti 20, na zura hannu: sanyi ƙalau. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne obin ya mutu, sai dai sabo. Da na bi wannan tunanin da na yi asarar banza, domin abin da ya lalace bai fi kan babban yatsa girma ba.

Wannan matsala ta zama ruwan dare, kuma dalilinta a fili yake. Gashi na yau da kullum da wuya ya wuce digiri 250 a ma'aunin Selshiyos. Wankin kai kuwa yana kai zafin zuwa wajen digiri 480, wato kusan 900 a ma'aunin Faranhait, ya riƙe shi tsawon awa 2 zuwa 4, har maiƙon da ya daskare a ciki ya ƙone ya koma toka. Obin ɗin bango kuma katako ne ya kewaye shi ta kowane gefe. Abin da ke hana wannan zafin cin wayoyi da fanel ɗin da ke sarrafa shi shi ne wata fanka da ke sama ko baya, wadda ke jawo iska ta bi ta kan kayan lantarkin ta fitar da ita ta gaba. Idan fankar ta yi rauni, ko hanyar iskar ta toshe, ranar wanki ce asiri ke tonuwa.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka ba shi lokaci. Ƙofa takan zauna a kulle da gangan har sai zafi ya sauka, wani lokaci sama da awa guda bayan an gama. Kada ka sa ƙarfe ka ɓanɓare ta, garin neman gira a rasa ido: sakata ta karye, gilashi ya fashe. Idan ya huce sarai bai buɗe ba, je ka kashe birekarsa, wato makunnin da ke yanke masa wuta a akwatin wutar gida, ka bari minti 5, ka mayar. Sau da yawa fanel ɗin ne ya rikice kawai, yana samun wuta sabuwa sai ya dawo hayyacinsa. In sakatar ce ta tsaya a rabin hanya, sake kunna wankin ka soke shi bayan minti ɗaya ko biyu. Hakan kan sa ɗan moton da ke juya ta ya ƙarasa zagayensa. Idan kuwa birekar na faɗuwa duk lokacin da ka tayar da ita, ka bar ta a kashe. Waya ta haɗu a wani wuri, wannan aikin mai gyara ne.

In duk wannan bai yi ba, sai a koma karanta alamu, domin su ne za su faɗa maka abin da za ka saya.

Wanda aka fi kamawa da laifi shi ne fiyus ɗin zafi. Ɗan ƙaramin abu ne mai ƙafa biyu da aka ɗaure a jikin obin ta sama ko ta baya, aikinsa ya yanke wuta idan zafin wurin ya wuce wani mizani da aka rubuta a jikinsa. A wasu samfura yana yanke wutar ƙarafan zafi kaɗai, shi ya sa agogo da fitila ke aiki amma babu ɗumi, kamar yadda ya faru da nawa. A wasu kuma yana ɗauke komai, allon ya yi duhu kamar an ɗauke wuta. Iri biyu ne: akwai mai ƙonewa sau ɗaya, sai an sauya, akwai kuma mai ɗan maɓalli a tsakiya, sau da yawa ja, wanda danna shi kawai ake yi ya koma. Gwajinsa da mita, wato na'urar auna lantarki, ba wuya. A cire wayoyinsa biyu, a ɗora bakin mita a kan ƙafafunsa. Mai lafiya zai nuna kusan sifili ko mita ta yi ƙara. Wanda ya ƙone ba zai nuna komai ba.

A nan nake so mai karatu ya tsaya da kyau. Fiyus ba ya ƙonewa don nishaɗi, shaida ne cewa zafi ya kai inda bai kamata ba. Da muka jawo nawa waje muka buɗe murfin sama, fiyus ɗin kansa ba a ganin komai a jikinsa, kamar sabo. Amma fankar da ke kusa da shi ƙura da maiƙo sun yi mata kauri kamar an shafa taɓo, in ka juya ta da yatsa sai ta yi rabin zagaye ta tsaya. Da fiyus kaɗai aka sauya da an kashe maciji ba a sare kansa ba, wanki na gaba zai sake ƙonewa, ko kuma wannan karon fanel ne zai tafi. Saboda haka duk wanda zai sayi fiyus ya duba abu uku tare da shi: fanka na juyawa sosai, hanyar iska ba ta toshe ba, kuma igiyar da ke zagaye bakin ƙofa, wadda ke hana zafi fita, ba ta yage ko ta lotse ba. Igiyar nan in ta saki, zafi kan tsiyayo ta saman ƙofa ya daki fanel kai tsaye.

Akwai wata dabara da wasu ke yi wadda nake roƙonka ka ƙi ta ko da wa ya kawo ta: a cire fiyus a haɗe wayoyin biyu, obin ya tashi. Zai tashi kam. Amma an cire abu ɗaya da ke tsakanin zafin digiri 480 da katakon kabad ɗinka. Haka nan sa fiyus mai lambar zafi sama da na asali don wai kada ya sake ƙonewa. Duk hanyar gobara ce.

Sauran masu laifin ba su da wuyar ganewa. Idan ƙarfen zafi na sama na yin ja amma na ƙasa shiru, ko akasin haka, to ƙarfe ɗaya ne ya ƙone. Sau da yawa za ka ga kumburi ko tsagewa a jikinsa. A obin na zamani da yawa na ƙasan a ɓoye yake ƙarƙashin daɓen obin, sai an jawo shi waje kafin a kai gare shi. Mai lafiya kan nuna 'yan gomomin om (ma'aunin turjiyar lantarki) a mita: ƙarfe mai wat 2,400 a kan wuta mai bolt 240, alal misali, om 24 zai ba ka. Idan kuma allon na nuna lambar kuskure, ko zafi na hawa da sauka ba tsari, a duba sensa mai auna zafin obin, wani siririn ƙarfe mai kama da fensir da ke leƙowa daga bangon baya a ciki. A yawancin obin ɗin Amurka yana nuna wajen om 1,080 idan obin ya huce. Sai makunnin sakata: in ya lalace, obin zai ɗauka har yanzu ana wanki ne, ya ƙi karɓar umarnin gashi.

Fanel shi ne na ƙarshe da za a zarga, kuma shi ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kada ka yarda a saya sai an gwada duk na sama an ga lafiyarsu ƙalau. Na fi jin haushin wannan kuskuren fiye da kowane, domin kayan lantarki in an ɗaura su sau ɗaya masu sayarwa da yawa ba sa karɓa a mayar.

To wa zai yi aikin? Sauya fiyus, sensa ko ƙarfen da ke a fili aiki ne na sukuddireba da mita, wanda ya saba da lantarki zai iya. Wahalar ita ce kaiwa gare su. Sai an kashe bireka an kuma tabbatar da mita cewa babu wuta, domin yawancin irin wannan obin ba shi da fulogi, kai tsaye aka haɗa shi. Sai a cire ƙofa don rage nauyi, a kwance sukurorin da suka riƙe shi da kabad, a jawo shi a ɗora a kan tebur mai ƙwari wanda tsayinsa ya yi daidai da ramin. Nauyin mai ɗaki ɗaya na iya kamawa daga kilo 30 zuwa sama da 60, mai ɗaki biyu kuwa ba a magana. Aikin mutum biyu ne, kuma a kula da wayar baya kada a fizge ta. A ɗauki hoton wayoyi kafin a cire ko ɗaya.

Mai gyara ya fi dacewa idan ƙofa ta kulle ta ƙi buɗewa, saboda sukurorin da ake kwancewa galibi a bayan ƙofar suke. Haka in ka ji warin ƙonewar roba, ko obin ɗin na gas ne, ko kuma garanti bai ƙare ba, tunda buɗe shi da kanka na iya soke garantin. Kafin ya zo, kwafo lambar samfurin daga ɗan allon da ke manne a jikin firam ɗin ƙofa, ka faɗa masa abin da ya faru bayan wanki ne. Mai gyara na ƙwarai da jin haka zai taho da fiyus a jakarsa. Ka tambaye shi me ya sa ya ƙone. Wanda ya san aikinsa zai nuna maka fanka da igiyar ƙofa. Wanda ya ce "haka suke yi" bai gama bincike ba.

Game da kayan gyara, ga yadda nake rarrabewa. Fiyus da sensa, a sayi na kamfanin da ya ƙera obin, da lambar samfuri, domin araha ba ta ado a kan abin da ke tsare gida daga wuta, kuma bambancin kuɗin ba shi da yawa. Ƙarfen zafi na wani kamfani zai iya yi matuƙar wat da siffa sun zo ɗaya. Fanel kuma hanya uku gare shi: sabo, wanda aka sabunta, ko a kai naka wa masu gyaran fanel. Abin da ya fi lalacewa a jikinsa shi ne rile, ƙananan makunnan da ke ba ƙarafan zafi wuta, ko kuma dalmar da ta tsage saboda zafi, kuma duka biyun suna gyaruwa. Ga tsohon obin da aka daina ƙera fanel ɗinsa, wannan hanya ta uku ce kaɗai ta rage, sai dai za ka zauna ba obin har a dawo da shi. Ka nemi garanti a rubuce ko wanne ka zaɓa.

Sabo fa? An saba cewa in kuɗin gyara ya wuce rabin kuɗin sabo, gara sabo. A kan obin ɗin bango sai an yi wa wannan lissafin ƙari, domin kuɗin sabo ba ya tsayawa a kan obin kaɗai. Akwai kafawa, akwai mai lantarki in sabon ya fi jan wuta, akwai kafinta in bai shiga ramin ba. A Amurka faɗinsa inci 24, 27 ko 30 ne, a Turai galibi santimita 60, amma ko masu faɗi ɗaya tsayi da zurfin ramin da suke buƙata kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Ramin za ka auna, ba tsohon obin ba. Wannan ya sa gyara ke rinjaye a mafi yawan lokuta. Inda nake karkata ga sabo shi ne idan obin ya haura shekara 12 zuwa 15, fanel ya tafi, ga fanka na ƙara, ga fentin ciki na ɓarewa. Nan kam in ka toshe wata ɓaraka wata ce za ta buɗe.

In har sabon za ka saya, ka san cewa wankin kai ba iri ɗaya ba ne. Bayan na ƙonewa da muke magana a kai, akwai na tururi: a zuba ruwa a ƙasan obin, ya yi ɗumi kaɗan na kimanin rabin awa, datti ya yi laushi ka goge da hannu. Ba ya wahalar da kayan lantarki, amma ba ya iya tsohon maiƙon da ya ƙone. Akwai kuma mai bango na musamman, mai kaushi, wanda ke tsotse maiƙo ya narkar da shi a hankali yayin da ake gashi a wajen digiri 200. Bangon nan yana gajiya da shekaru, kuma ba ya rufe ƙasa da gilashin ƙofa. Ga mai yawan gasa abinci, na fi son wanda ya haɗa na ƙonewa da na tururi, a riƙa yin na tururi a kai a kai, a bar na ƙonewa sai ta kama.

Nawa obin ɗin, fiyus da fanka aka sauya, kuma ban daina wankin kai ba, salon ne na canza. Ina fara kwashe maiƙon da ya taru da hannu, in fitar da ragogin ƙarfe domin zafin na dusar da su ya sa su riƙa cijewa, in zaɓi wanki mafi gajarta, in buɗe taga. Mai tsuntsu a keji ya kai shi nesa, hayaƙin na iya kashe shi. Ba na barin gida yana yi, ba na kuma yi ana gobe zan buƙaci obin ɗin, sai da tazarar mako biyu ko fiye, don in wani abu ya faru a samu lokacin nemo kayan gyara. Idan wanki ya ɗauki minti 10 zuwa 15, nakan kai tafin hannu kusa da hanyar iskar da ke gaba. In na ji iska na hurowa da ƙarfi, sai in bar shi ya ci gaba. In ban ji ba, nan take nake soke wankin.