Karkataccen harafi mai kauri ko miƙaƙƙe: wanne ya dace da allo da kati?

Mai buga takardu a Sakkwato, idan aka kawo masa aikin allon shago ko katin ɗaurin aure, yakan zaɓa tsakanin haruffa masu kauri da suka karkata dama da kuma miƙaƙƙu. Karkataccen harafi ya samo asali daga Italiya, inda mai buga littattafai Aldus Manutius ya buga littafi da shi a 1501 yana kwaikwayon rubutun hannu. Idan aka ƙara masa kauri, sunan shagon atamfa a Babbar Kasuwa yakan ja idon mai wucewa a babur tun daga nesa, ko da ƙurar hunturu ta dusashe allon.

Sai dai ƙarfinsa bai wuce kalma biyu ko uku ba. A dogon layi haruffan sukan cunkushe, kuma abin da ya fi damuna shi ne da yawa daga irinsa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai kwamfuta ta aro su daga wani salo, su fito sirara a tsakiyar kalma mai kauri. Miƙaƙƙe ba ya ɗaukar ido haka, amma dattijo yana karanta shi ba sai ya matso ba, shi ya sa a kati nake rubuta ranar biki da wurin taro da shi, sunayen ango da amarya kuma na karkatacce ne.