Gidan katako na ƙudan zuma masu zaman kaɗaici: ya cancanci a saya?

Masu sayar da kayan lambu sun yawaita tallar wani ɗan akwatin katako mai cike da bututun gora da ramuka, wanda ake ratayewa a bango domin ƙudan zuma su yi ƙwai a ciki. Na yi amfani da irin wanda ake iya zare bututunsa, kuma ra'ayina shi ne yana da amfani, amma ga wanda ya riga ya shuka tsirrai 'yan asalin yankinsa kawai.

Wannan gida ba amya ba ce, kuma ba za a sami zuma a cikinsa ba. A duniya akwai nau'in ƙudan zuma sama da 20,000, mafi yawansu ba su da sarauniya, ba sa zaman taro. Kowace mace ita kaɗai take neman rami, ta tara garin fure da ruwan zaƙinsa, ta ɗora ƙwai a kai, ta toshe, sannan ta fara wani ɗaki a gabansa har bututun ya cika. Wasu da laka suke toshewa, wasu kuma da ganyen da suka yanko. Idan mutum ya ga gefen ganye an cire masa wani yanki a zagaye kamar da almakashi, to aikinsu ne, kuma shukar ba ta cutuwa.

Abin da ya gamsar da ni a wannan samfurin shi ne zurfin bututun, wanda ya kai kusan santimita 15, da kuma bambancin faɗinsu, daga milimita 3 zuwa 10. Zurfin yana da muhimmanci ƙwarai, domin uwar takan ajiye ƙwayayen da za su zama mata a can ciki, na maza kuma a kusa da baki, saboda haka gajeren bututu yakan fitar da maza fiye da mata. An goge bakin kowane bututu sumul, babu sartsen da zai yaga fiffike, bayan akwatin a rufe yake, rufinsa kuma ya ɗan fito yana kare ruwan sama. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kwalliya ce kawai.

Inda ya gaza shi ne sashen ƙasa, wanda aka cusa wa ɓawon itace da busasshen ciyayi. Ban ga ƙudan zuma sun kula shi ba, sai gizo-gizo. Haka nan takardar da ke cikin kwalin ba ta ce komai ba game da tsafta, alhali tara sheƙa da yawa a wuri guda yana jawo fumfuna da ƙwarin da ke cinye tsutsotsin da ke fitowa daga ƙwayayen ƙudan zuman. Dole ne a riƙa sauya bututun bayan 'ya'yan sun fita. Wani bincike da aka yi a birnin Toronto na ƙasar Kanada, aka buga a 2015, ya gano cewa dangin zanzaro sun fi ƙudan zuma yawa a irin waɗannan gidaje. Ban ɗauki wannan a matsayin asara ba, tun da suna farautar ƙwarin da ke ɓata shuka, amma ya kamata mai saye ya sani.

Babban abin da tallar ke ɓoyewa shi ne kusan kashi 70 cikin ɗari na nau'o'in ƙudan zuma a cikin ƙasa suke haƙa sheƙa, akwati ba ya yi musu komai. Su kuwa masu shiga bututun, ƙanana daga cikinsu ba sa yin nisa wajen neman abinci, wasu ma furen dangin tsiro guda kaɗai suke ɗiba, irin wanda suka saba da shi a yankinsu. Furannin ado da aka kawo daga nesa, musamman masu ninkin ganyen fure, sau da yawa ba su da garin da za a ɗiba.

Don haka ina ba da shawarar a saye shi bayan an shuka tsirrai 'yan ƙasa masu fure a lokuta daban-daban, an daina fesa maganin ƙwari, an kuma bar wani gefe na lambun ba tare da shimfiɗa komai a kan ƙasarsa ba. A kafa shi daram, kada ya riƙa lilo, inda hantsi zai same shi.