Hattara da masu kwas ɗin "sauya sana'a a iƙama" a Makka da Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, da Hausa tsantsa, ana tallar kwas na sati biyu: aikin wutar lantarki, famfo, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, sai kula da marasa lafiya ga mata. Mai maganar yana rantsuwa cewa da ka karɓi takardarsu za a sauya sana'ar da ke rubuce a iƙamarka, wato katin izinin zamanka a Saudiyya, daga lebura zuwa ƙwararren ma'aikaci, albashi ya ƙaru. Damfara ce. Don Allah kada kowa ya tura musu ko riyal ɗaya.

Sun san inda ke mana ƙaiƙayi. Ba wanda ke barin aikinsa ya je kwas don nishaɗi a ƙasar nan. Wani ya shekara da shekaru yana jan waya a gine-gine, hannunsa ya faɗa, amma a takarda har yau lebura ne, kuma albashin lebura yake ɗauka. Wani kuma tsoro ne ke kai shi, don tun da aka fito da tsarin Nitaƙat na tilasta wa kamfanoni ɗaukar 'yan Saudiyya aiki a 2011 ayyukan da ake ware wa 'yan ƙasa sai ƙaruwa suke yi, yana son sana'ar hannu kafin abin ya iso kansa. Ga yaranmu da aka haifa a nan, sun gama sakandare suna zaune a gida. Ga masu shirin komawa Kano ko Damagaram da ke son riƙe wata shaida a hannu. Duk buƙatu ne na halas, kuma su ɓarayin nan suke bi.

Ɗan maƙwabciyata a Shari'a Mansur (titin Mansur, a Makka) ya faɗa hannunsu. Uwar ta kwashi adashinta ta biya riyal 1,500, aka ce ta tura ta asusun wani mutum, wai don a sauƙaƙa mata harajin kashi 15 cikin ɗari. Ajin kuwa falon wani gida ne da kujerun roba. Bidiyo aka riƙa kunna musu, ko wayar lantarki ɗaya yaron bai taɓa ba. Ranar ƙarshe aka miƙa masa takarda mai sheƙi da hatimi ruwan zinariya da lambar QR a gefe. Da aka haska lambar da waya, hoton takardar ne kawai ya sake fitowa. Ya kai ta kamfani, mai kula da ma'aikata ya duba ya mayar masa. Lambar malamin tun daga ranar a kashe take. Abin da ya fi ci mini rai, wanda ya kawo su ɗan uwanmu ne, muna sallah a masallaci ɗaya da shi. Da ɗan gari akan ci gari.

Babu wata makarantar kwas da ke da ikon taɓa iƙamarka. Sauya sana'a kamfanin da kake wa aiki ne ke nema ta dandalin Qiwa, ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago. Kuma tun 2021 akwai jarrabawar tantance ƙwarewa ga masu sana'o'i irin su lantarki da famfo, ta rubutu da ta aiki a gaban mai dubawa. Hannunka za a kalla. 'Yan uwa mata da aka yi wa alkawarin asibiti, aikin jinya sai da rajistar hukumar ma'aikatan lafiya ta Saudiyya, SCFHS, bayan an bi diddigin takardunki har makarantar da ta ba ki. Kwas ɗin sati biyu ba ya kai mutum can.

Cibiyoyi na gaskiya suna nan, kuma ina ƙarfafa wa matasa su je. Hukumar horar da sana'o'i ta Saudiyya, TVTC, ce ke ba cibiyoyin horo masu zaman kansu lasisi. Ka nemi lambar lasisin da rajistar kasuwancinsu, ka duba da kanka, ka je ka ga wurin da idonka, ka biya da sunan cibiyar a ba ka rasit. Wanda ya ce yau za a rufe rajista, ko ya nemi hoton iƙamarka da lambar sirrin da Absher, manhajar ayyukan gwamnati, ke turowa, ka kashe wayar kawai.

Waɗanda suka riga suka karɓi irin wannan takarda, kada ku kai ta kamfani ko wata hukuma. Gabatar da takardar jabu laifi ne a nan, yana iya kai mutum gidan yari da tarhil, wato a kore shi daga ƙasar, ko da shi aka cuta. Ku ajiye shaidar tura kuɗin da saƙonnin muryar, ku sanar da bankinku da wuri, ku shigar da ƙara ta manhajar jami'an tsaro ta Kulluna Amn ko ku kira Ma'aikatar Kasuwanci a 1900. Iyayenmu da ba sa iya karatu, a daure a karanta musu wannan, domin su aka fi tura wa saƙon.