Yaron da ya sa shagona a taswirar Google: abin da na biya da abin da na samu

Ni baduku ne ɗan baduku, a Shiyar Madunka na buɗe ido na ga tsofaffinmu suna yanka fata. Jaka nake ɗinkawa da takalmi da tum-tum, duk da fatar jan akuyarmu ta Sakkwato, wadda tun zamanin ayari ake ƙetare hamada da ita har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Masu sayen kayana galibi baƙi ne: 'yan hidimar ƙasa da suka fito daga sansanin Wamakko, malaman da suka zo taro Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da masu ziyarar Hubbaren Shehu da ke son tsaraba. Baƙo kuwa yanzu ba ya tsayar da mai kabu-kabu ya yi tambaya, wayarsa yake tambaya.

A 2022 wani yaro mai shagon kwamfuta ya zo ya tsugunna ya gaishe ni. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗan mutunci ne, kuma mun san iyayensa. Ya ce, "Baba, wanga shago naka ba ya cikin Google. In na saka shi, har daga Legas za a kira ka." Muka yi ciniki a kan dubu ashirin, da sa shago a taswira da abin da ya kira shafin intanet nawa na kaina.

Bari in fara da inda ya burge ni. Kafin shago ya fito sai an tabbatar da cewa akwai shi, kuma naka ne. Wata hanyar ita ce a aiko maka da kati ta gidan waya, to mu da lungunmu ba shi da lamba, wa zai kawo? Sai ya bi hanyar bidiyo. Ya sa na rufe shagon da sassafe, ya tsaya bakin titi ya fara ɗauka: allon suna, shagon maƙwabcina mai shayi, sannan ni ina zaro makulli daga aljihu ina buɗe kwaɗo, har zuwa kan teburin da wuƙaƙe da basilla suke. Ba a yanke ɗaukar, a tafi ɗaya ake yinta. Sau uku muna maimaitawa saboda wata akuya da ta dage sai ta shiga tsakaninmu. Hotunan da ya ɗauka ma sun yi kyau, ya jira hasken hantsi ya jera tum-tum a tabarma, jan fatar nan ya fito kamar a taɓa. Wannan aikin kaɗai ya ci rabin kuɗinsa halal.

Sauran rabin ne ke da magana.

Sunan da ke jikin allona gajere ne. Shi kuwa ya ɗora masa jelar kalmomin Turanci, wai mafi kyau, mafi araha, jaka, takalmi, Sokoto, duk a cikin suna. Ya ce haka ake hawa sama a jerin shagunan da Google ke nuna wa mai nema. Ya kuma sa abokansa bakwai suka ba ni tauraro biyar-biyar a yini ɗaya, alhali ko maɗaurin agogo babu wanda ya taɓa saye a hannuna. Na yi shiru don ban sani ba. Daga baya ɗiyata da ke karatu a jami'a ta karanta mini ƙa'idar Google: sunan da za a rubuta shi ne wanda ke jikin allo, yabon ƙarya kuma haramun ne a wurinsu, ana iya goge shi, ana ma iya dakatar da shagon baki ɗaya. Yabon nan bakwai kuwa suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ban yi kuka ba, kayan aro ba ya rufe katara.

Alamar da ke nuna wurin shagon ma ya dasa ta a bakin babban titi, ba cikin lungu ba. Wata 'yar hidimar ƙasa ta yi ta zagaye cikin zafin Afrilu, ta kira ni muryarta kamar za ta yi kuka, sai da na aika almajirina ya taho da ita. Gyaran bai fi minti biyu ba, amma sai da na jira shi mako guda, domin da imel ɗinsa ya buɗe komai. Wato shago nawa, makulli a aljihunsa. Nan ne na fi jin ciwo.

Shafin intanet ɗin kuma ashe irin na kyauta ne da Google ke haɗa wa duk mai shago a taswira a lokacin. A watan Maris na 2024 aka rufe irin waɗannan shafuka gaba ɗaya, an kuma yi sanarwa tun kafin lokacin. Yaron bai gaya mini ba, ga shi na buga adireshin a katin shago guda ɗari biyar. A ƙarshen Yulin shekarar aka cire wurin aika saƙo da ke jikin shagon a taswira. Wannan bai dame ni ba, cinikinmu dama a WhatsApp yake ƙarewa, da hoto da muryar "rage mini, Baba".

Da na je shagonsa na ce, "Ɗana, ba ni makullina." Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi Baba ban yi don cuta ba, haka munka koya." Na yarda da shi. Ya mayar da mallakar kan imel ɗin ɗiyata a gabana, bai nemi ko sisi ba.

Tun da abin ya dawo hannunmu na gane yadda yake tafiya. Google da kansu sun ce abu uku suke dubawa wajen jera shaguna: dacewar shagon da abin da aka nema, kusancinsa da mai nema, da kuma sanuwarsa. Kusanci ba ni da iko a kai, mai nema daga Mabera ko Arkilla zai iya ganin wani kafin ni. Sauran biyun kuwa aikin hannu ne. Mun mayar da suna yadda yake, mun zaɓi rukunin kayan fata, mun rubuta cewa ranar Juma'a muna rufewa daga sha biyu zuwa bayan an sauko masallaci. Duk wanda ya sayi kaya ya ji daɗi, ina roƙonsa ya rubuta abin da ya gani da bakinsa. Wani malami ya ba ni tauraro huɗu, ya ce jakar ta yi kyau amma tana warin jima. Gaskiya ya faɗa, muka amsa masa cewa a shanya ta a inuwa kwana uku. Mutum biyu sun zo sun ce wannan amsar ce ta kawo su.

Yanzu in ka nemi abu, sau da yawa wata amsa ce da na'ura ta haɗa take fara fitowa a sama, mutane su karanta su wuce ba su buɗe shafin kowa ba. Shi ya sa ban sake biyan kuɗin shafi ba. Mai neman tum-tum a Sakkwato taswira yake dubawa, ya ga hoto, ya danna kira. Ɗiyata tana nuna mini adadin waɗanda suka kira da waɗanda suka nemi hanya kowane wata, kuma yana tashi duk lokacin da aka sallami sabon rukuni daga Wamakko.

Yaron zan ba shi tauraro uku. Maƙwabcina mai ɗinkin sirdi ya tambaye ni ko ya kira shi, na ce ya kira shi don bidiyo da hoto, amma ya tafi da ɗansa da imel ɗinsu, kuma kar ya biya fiye da dubu goma. Katunan nan ɗari biyar suna nan, almajirina yana yanka su yana liƙa farashi a jikin takalma.