Bitar Overbridge: Ɗaukar Layukan Digitone Daban-daban Ta Kebul Guda

Na'urar haɗa sautin kiɗa ta Digitone, wadda kamfanin Elektron da ke birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin ya fitar a shekarar 2018, tana da layukan sauti huɗu waɗanda ke rabon muryoyi takwas (wato sautuka takwas da za su iya fita a lokaci ɗaya) a tsakaninsu, amma a bayanta mafitar sauti biyu ce kawai, hagu da dama, sai kuma ramin abin sa wa a kunne. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ya jona ta da katin sautinsa (abin da ke shigar da sauti cikin kwamfuta) ta hanyar da aka saba zai samu kiɗan a dunƙule, bes da karin waƙa da sauran amo duk a cakuɗe, kuma idan daga baya ya ga bes ɗin ya yi nauyi, ba shi da yadda zai rage shi ba tare da ya taɓa sauran ba. Manhajar Overbridge ce kamfanin ya tanada domin warware wannan matsala, kyauta yake bayar da ita, kuma sigarta ta biyu da ta fito a 2020 ce ta kawo cikakken tallafi ga Digitone da 'yar'uwarta Digitakt, bayan jiran da masu waɗannan na'urori suka daɗe suna yi.

Aikinta a taƙaice shi ne ta kwaso kowane layi daga cikin na'urar ta kebul ɗin USB guda, ta miƙa shi ga manhajar haɗa kiɗa a matsayin tasha mai zaman kanta, a ingancin bit 24 da kilohaz 48. Sautin ba ya fita ya zama na lantarki kafin ya sake komawa lambobi, saboda haka babu ƙarar waya, babu kuma buƙatar katin sauti mai mashigai da yawa.

Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne hanyar da ta bi ta shiga manhajar kiɗan. Akwai na'urori da dama, kamar TR-8S ta kamfanin Roland, da ke aika tashoshi masu yawa ta USB, amma suna bayyana wa kwamfuta ne a matsayin katin sauti. A kan Windows wannan yana jawo cikas, domin galibin manhajojin kiɗa direban ASIO (ƙaramar manhajar da ke haɗa su da katin sauti) guda ɗaya suke karɓa a lokaci ɗaya, don haka dole mutum ya zaɓa tsakanin katinsa na asali, inda makirufo da lasifikansa suke, da kuma na'urar da yake son ɗauka. Masu Mac suna da damar haɗa katuna biyu su zama ɗaya, sai dai hakan ma yana buƙatar kula da agogon kowannensu domin kada su goce wa juna. Overbridge kuwa tana shiga ne a matsayin fulogin VST ko AU, wato ƙaramar manhaja da ake buɗewa a cikin manhajar kiɗa kamar kowane kayan kiɗa na cikin kwamfuta, katin sautinka yana nan a inda yake, mawaƙi na iya rera waƙarsa a makirufo yayin da layukan Digitone huɗu ke shiga tashoshinsu. Ba Elektron ne ya fara wannan dabara ba, domin Virus TI ta kamfanin Access ta zo da irinta tun 2005, amma a nan an yi ta da kyau, kuma ita kaɗai ta isa dalilin girka manhajar.

Mai karatu na iya cewa ai ana iya ɗaukar layukan ɗaya bayan ɗaya, a rufe uku a bar ɗaya, a maimaita har sau huɗu. Ana iya yi, amma ba da kowane kiɗa ba. Tsarin jera sauti na Elektron yana ba da damar a ce wa wani bugu ya fito bisa sa'a, misali rabin lokaci ya fito rabin lokaci ya yi shiru, kuma akwai masu jujjuya sauti da ke tafiya babu tsayayyen tsari, don haka kowace maimaitawa tana fitowa da ɗan bambanci. Haka kuma muryoyi takwas ɗin nan rabonsu ake yi, idan layi ɗaya ya kwashe su sai wani ya rasa, kuma wannan ƙwace yana cikin abin da kunne ya saba ji a kiɗan. Da zarar an rufe sauran layukan sai ya ɓace. Uwa uba, wanda ke murɗa maɓallai da hannu yayin da kiɗa ke tafiya ba zai iya maimaita motsin hannunsa daidai wa daida ba. Ɗaukar komai a zama ɗaya ita ce kawai ke adana abin da aka buga yadda aka buga shi.

Shirya ta ba shi da wuya. Ana girka manhajar, a shiga saitin USB na na'urar a zaɓi yanayin Overbridge, a buɗe fulogin a kan wata tasha, sannan a manhajar kiɗa ta Ableton Live a ƙirƙiri tashoshin sauti huɗu a nuna wa kowacce layin da za ta karɓa daga fulogin ɗin. Sauran manhajoji kowacce da tata hanyar, kuma ya fi dacewa a adana wannan shiri a matsayin samfuri domin kada a riƙa maimaita shi. Wanda ba ya son buɗe manhajar kiɗa gaba ɗaya yana da wata sigar mai tsayawa da kanta, wadda ke ɗaukar layukan ta ajiye su a matsayin fayiloli daban-daban, kuma ga mai son ya buga ya ɗauka kawai, ita ce mafi sauƙin hanya.

Akwai wani abu da ke ba sababbin masu amfani mamaki, kuma ya kamata a san shi tun farko: layukan suna isowa a bushe. Kayan adon sauti na Digitone, wato amsa-kuwwa da maimaicin sauti da ninkin murya, na tarayya ne, layukan suna aika musu sauti ne su kuma su zuba sakamakon a babbar mafita, saboda haka wanda ya ɗauki layi na biyu shi kaɗai zai ji shi babu wannan faɗin da ya saba ji. Maganinsa yana cikin saitin karkatar da sauti na na'urar, inda ake iya cire layukan daga babbar mafita a bar su suna aikawa ga kayan adon, ta yadda babbar mafitar za ta ɗauko adon zalla a kan tasharta. Dabara ce mai kyau, sai dai adon duk layukan yana zuwa a haɗe, kuma ɗan kaushin da babbar mafita ke ƙara wa kiɗan gaba ɗaya ba ya bin layukan da aka ware. Wani lokaci kiɗan da aka sake haɗawa a kwamfuta yakan fi na asali tsabta amma ya gaza shi armashi, shi ya sa nake ganin hikima ce a ɗauki cikakkiyar haɗakar sitiriyo a ajiye a gefe domin kwatantawa.

Raunin Overbridge na gaske shi ne jinkiri. Sautin yana buƙatar ɗan lokaci ya ratso USB, fulogin yana sanar da manhajar kiɗa wannan lokaci, ita kuma sai ta jinkirta sauran tashoshi domin su daidaita. A kan takarda lissafin ya fita, amma a aikace wanda ke buga wani kayan kiɗa kai tsaye a cikin aikin zai ji hannunsa da kunnensa ba sa tafiya tare. Rage ma'ajiyar wucin gadi, wato inda sauti ke taruwa kafin kwamfuta ta sarrafa shi, yana rage jinkirin, sai dai kwamfuta mai rauni za ta fara ƙas-ƙas. Yana taimakawa a sa aikin a kilohaz 48 domin ya dace da na'urar, a kuma jona kebul ɗin kai tsaye a jikin kwamfuta maimakon ta mararrabar USB mai arha da ke cike da wasu kaya. Sannan sigar Overbridge da sigar manhajar cikin na'urar dole su dace da juna, don haka sabunta ɗaya a tsakiyar aiki ba tare da duba ɗayar ba ganganci ne.

A kan Windows da macOS kawai take aiki. Mai iPad ko waya sai dai ya koma ga yanayin sautin USB na gama-gari da aka ƙara wa na'urar daga baya, wanda ba ya buƙatar direba amma tashoshi biyu kaɗai yake bayarwa.

Ga wanda ke shirya kiɗa a Digitone yana kuma son ya kammala miksin a kwamfuta, ina ba da shawarar Overbridge ba tare da ɗar-ɗar ba, da sharaɗin ya ɗauke ta a matsayin hanyar ɗaukar sauti: ya buɗe ta, ya ɗauki layukansa, ya kashe fulogin ɗin, ya ci gaba da aiki da fayilolin. Wanda ke son ta zauna a buɗe daga farkon aiki har ƙarshensa, tare da tarin wasu fulogin, zai buƙaci kwamfuta mai ƙarfi da kuma haƙurin daidaita saiti. Amfaninta ya ƙara fitowa fili da zuwan Digitone II a 2024, mai layuka goma sha shida, wadda ita ma ba a ba ta mafitar sauti ta kowane layi ba.