Regi uku ko Feebas: wanne ne kacici-kacici, wanne ne allura cikin ruwa?

Ɗan'uwanmu da ke buga Pokémon Emerald a waya, wasan bidiyon da ake kama halittu ana horar da su, ya yi tambaya daren jiya. Ya ce ya karɓi Dive, dabarar nutsewa ƙarƙashin teku, a garin Mossdeep, hutu ya kusa ƙare masa, kuma abu biyu yake ji ana ta zuzutawa: Regi ukun nan, manyan halittun da aka kulle a kogo, da ɗan kifin nan Feebas. Wanne ya fi wuya, wanne kuma ya cancanci a hana ido barci dominsa? Duk waɗanda suka amsa masa sun tsaya a kan cewa kowanne akwai wahala. Haka ne, ƙanena, sai dai wahalar ba iri ɗaya ba ce. Ɗaya kanka yake nema, ɗayan kuwa haƙurinka da cajin wayarka.

Bari in fara da Regi, don nan ne naman yake.

Tun a Ruby da Sapphire, wasannin da suka gabaci Emerald, waɗanda suka fito a Japan a 2002, kamfanin Game Freak ya binne wani ɗaki a ƙarƙashin teku a Hanya ta 134, wanda ake kira Sealed Chamber. Babu wanda zai aike ka can a cikin labarin wasan. Daga garin Pacifidlog za ka nufi yamma, ka shiga igiyoyin ruwan nan masu jan mutum, kuma in ka kuskure layi ɗaya sai dai ka tsinci kanka wajen Slateport, ka sake dawowa. In ka dace da wurin nutso ka shiga, abin da zai tare ka duwatsu ne masu ɗigo-ɗigo. Rubutun makafi ne, irin wanda Bafaranshen nan Louis Braille ya ƙirƙiro ya kuma wallafa a 1829, inda kowane harafi ke fitowa daga ɗigo shida. Abin ya kan ba ni dariya: rubutun da aka yi don yatsa ya shafa, sai ga shi a fuskar na'ura inda ido kaɗai ke iya karanta shi.

Abin da ya sa nake girmama wannan wasa da ƙwaƙwalwa shi ne, mabuɗin yana cikin ɗakin. Duwatsun ɗakin farko haruffa ne a jere, daga A har Z. Da ka gane haka, sauran aikin na biro da takarda ne. Ni haka na yi: na zana ɗigogin a bayan wani tsohon littafin rubutu, ina bin su harafi bayan harafi, har kalmomi biyu suka fito suna cewa a haƙa a nan. Na sa Dig, dabarar haƙa ƙasa, bango ya buɗe. Ban taɓa jin daɗin kama wata halitta a wasan ba kamar yadda na ji daɗin waɗannan kalmomi biyu. A ɗaki na biyu kuma har da ɗan labari: wasu mutane na cewa a kogon suka rayu, wata halitta ce ta yi musu komai, amma suka kulle ta saboda tsoronta. Ka kuma duba fuskokin Regi ɗin kansu, ba ido ba baki, ɗigo bakwai-bakwai ne kawai. An ɗinke komai da zare ɗaya.

Akwai guzurin da dole in faɗa maka, don kada ka sha igiyar ruwa a banza. Ka tafi da mai Dig, da halittun ruwa biyu, Wailord da Relicanth. Wailmer, wato ƙaramin Wailord, na zama Wailord a mataki na 40. Relicanth kuwa a ciyawar ƙarƙashin ruwa yake a Hanya ta 124 da ta 126, kuma kashi 5 cikin 100 ne fitowarsa, wato nan ma akwai ɗan zaman jira. Bangon ƙarshe zai gaya maka wanda zai zauna a farkon tawagarka da wanda zai zauna a ƙarshe. A Ruby da Sapphire Relicanth ne gaba, Wailord baya. A Emerald ba haka ba ne, kuma na san da wannan maganar na riga na fasa ƙwai, tunda hanya biyu ce kawai. In ka jera daidai ƙasa za ta girgiza, ƙofofi uku su buɗe a nesa: kangon hamadar Hanya ta 111 na Regirock, kogon tsibirin Hanya ta 105 na Regice, da tsohuwar kushewar Hanya ta 120 ta Registeel.

Kowace ƙofa da nata ƙulin ƙulifita. Zan ba ka na Ruby da Sapphire don ka ji ɗanɗanonsu, tunda ba su ne naka ba. A wajen Regirock taku biyu dama, taku biyu ƙasa, sannan Strength, dabarar tura dutse. A wajen Registeel an ce ka nufi sama daga tsakiya, ma'ana ka tsaya a tsakiyar ɗakin ka sa Fly, dabarar tashi sama, abin da a ƙa'ida ba ya aiki a cikin kogo. Na Regice ya fi burge ni: ka tsaya cak, ka jira lokaci ya wuce sau biyu. Minti biyu ba ka taɓa komai ba. Ka ga wasan da ya koya maka danne-danne tun farko, yau kuma ya ce ka ɗauke hannu. Duk ukun an sauya su a Emerald, wanda ya fito a Japan a 2004, shi ya sa za ka ga mutum ya bi bayanin Ruby yana tsaye minti goma gaban bango yana zagin wayarsa. Ka karanta naka bangon. Bayan nan sai kamu: dukansu a mataki na 40 suke, masu taurin kai ne ƙwarai, don haka ka adana wasan kafin ka taɓa su, ka riƙe ƙwallayen kamu, Ultra Ball da yawa da Timer Ball, wadda ke ƙara ƙarfi in faɗa ya yi tsawo.

Yanzu Feebas. A kogin Hanya ta 119 akwai gurbin ruwa sama da 400 da za a iya jefa fatsa, kuma shida kacal ne ke da shi. Kusan ɗaya cikin 70 ke nan. Ko ka dace da gurbin, rabi da rabi ne: jifa ɗaya na iya kawo Feebas, na iya kawo gama-garin halittu irin su Magikarp ko Tentacool, ka wuce ba ka san ka taka arziki ba. In ka jefa sau biyu a kowane gurbi, yiwuwar ka tsallake na gaskiya ta koma ɗaya cikin huɗu. Sau uku, ɗaya cikin takwas. Ka lissafa da kanka yawan jifan da ke gabanka, ga ruwan sama na zuba a hanyar kusan kullum.

Mutane na kiran wannan kacici-kacici saboda abu ɗaya: gurabun shida suna ɗaure da kalmar yayi ta garin Dewford, waccan da mutanen garin ke ta maimaitawa. In kalmar ta sauya, gurabun sun sauya. Amma a ina wasan ya gaya maka haka? Babu dutse, babu rubutu, babu tsohon da zai yi maka nuni. Sanin kalmar ma ba zai nuna maka gurbi ko ɗaya ba, don lambar da ke bayanta a ɓoye take. Kacici-kacici na gaskiya shi ne wanda in an faɗa maka amsa za ka dafe kai ka ce ai da na gane. Wanda ya samu Feebas ba ya cewa haka, hamdala kawai yake yi. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka.

Sai dai a nan ne lissafin ke juyewa, kuma shi ya hana ni raina Feebas. Sirrin Regi iri ɗaya ne a kowane Emerald na duniya. Minti ɗaya a intanet ya isa ya kashe shi, ka ba da gari tun ba a gama jefo maka tambayar ba, abin da ya rage sai zirga-zirga tsakanin kogo uku. Feebas kuwa ba mai iya ba ka amsarsa daga nasa wasan, domin gurabunsa daban, naka daban. Shekara ashirin da ɗoriya bayan fitowar wasan, wanda ke son ya kama shi da hannunsa sai ya zauna a kogin nan kamar yadda na farko suka zauna. Wato wanda aka gina da hikima ya fi saurin lalacewa, wanda aka gina da mugunta ya fi ƙarko. Su kansu masu wasan sun sassauta daga baya. A wasannin Diamond da Pearl da suka biyo baya sun fara ƙara gishiri, gurbi huɗu a tafkin cikin Mt. Coronet masu sauyawa kullum, amma a Omega Ruby da Alpha Sapphire na 2014 sun bar zancen gurbi shida gaba ɗaya. Regi ma a Crown Tundra na 2020, ƙarin da aka yi wa wasannin Sword da Shield, ƙofofinsu sun koma abu mai sauƙi, kamar yin fito a bakin ƙofar Registeel.

Ta fuskar riba fa? Feebas kansa abin tausayi ne, mummuna, mara ƙarfi. Darajarsa Milotic ce, halittar da yake rikiɗewa ya zama, wadda za ka gani a hannun Wallace, zakaran Emerald. Kafin ya rikiɗe sai kyansa ya kai 170, ta hanyar ciyar da shi Pokéblock, alewar da ake haɗawa daga 'ya'yan itace, masu bushewar ɗanɗano, shuɗaye, sannan ya hau mataki ɗaya. Tarkon shi ne cikinsa na da iyaka: in ka cika shi da Pokéblock marasa inganci zai daina ci, kuma shi ke nan. Saboda haka in ka samu gurbin kada ka kama ɗaya ka tashi. Kamunsa ba wuya, kwashi biyar ko shida, ka zaɓi mai halin Modest, Mild, Rash ko Quiet, su ne ke son wannan ɗanɗano. Ka guji Adamant, Impish, Careful da Jolly. A faɗa Milotic za ta yi maka aiki sosai, tana da jimiri tana kuma warkar da kanta da Recover. Regi ukun ma katangu ne, musamman Regice wajen shanye hare-hare na musamman, amma saurinsu kamar na kunkuru, kuma a wajen yawancinmu a akwatin ajiya suke ƙarewa bayan an gama murna.

To ga shawarata, tunda hutunka gajere ne. Fara da Regi, kuma ka yi mini alkawarin ba za ka buɗe bidiyon kowa ba. Yamma biyu ko uku sun isa, har da neman Relicanth. Feebas ka mai da shi aikin gefe, na lokacin da kake jiran wani abu ko wuta ta ɗauke. Ka yi amfani da Old Rod, fatsar farko, don kowace fatsa na kama shi, ita kuwa dannawa ɗaya take buƙata. In kana da mai baiwar Suction Cups ko Sticky Hold ka sa shi gaba, a Emerald yana sa kifi saurin cizo. Ka bi kogin layi-layi kamar mai shuka, jifa biyu a kowane gurbi, kana yi wa inda ka tsaya alama a takarda. Kuma daga ranar da ka fara, in ka bi ta Dewford wani yaro da ke bakin zauren garin ya tambaye ka abin da ake yayi, kada ka koya masa sabuwar kalma.