Def Jam ko Death Row: wane gida ne ya fi yaye mawaƙan gambara?

Ɗan'uwa, ka tambaya a zaure cewa tsakanin Def Jam da Death Row wane kamfanin waƙa na Amurka ne ya fi ɗaga mawaƙan gambara, wato rap, daga ƙasa har duniya ta san su. Ka kuma faɗi naka ra'ayin, wai Death Row ne, tunda a nan Dr. Dre da Snoop Dogg da Tupac suka sha inuwa ɗaya. Na ga jama'a da dama sun mara maka baya. Ni dai ban bi ku ba, kuma ga dalilina.

Mu fara daidaita mudu. Telan da ya karɓi yaro tun bai iya riƙe almakashi ba, ya koya masa har ya yaye shi, ba ɗaya yake da mai shagon da ya ɗauko ƙwararren tela daga wani wuri ya saya masa sabon keke ba. Dukansu sun yi alheri, amma na farkon ne kaɗai zai bugi ƙirji ya ce shi ya yi shi. Da wannan mudun zan auna gidajen biyu.

Def Jam ya faro ne a 1984 a birnin New York, cikin ɗakin kwanan wani ɗalibin Jami'ar New York mai suna Rick Rubin. Rubin farar fata ne, ya taso da son kiɗa mai kaushi, kuma abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne gambarar da ake bugawa a faifai a lokacin ba ta kama da wadda yake ji a gidajen rawa. A faifai an cika ta da kayan kiɗa masu laushi, a gidan rawa kuwa ganga ce da murya kawai. Sai ya haɗu da Russell Simmons, baƙar fata ɗan unguwar Queens wanda ya riga ya ƙware wajen jagorantar mawaƙa da shirya wasanni. Ɗaya ya kawo kunne, ɗaya ya kawo sanin kasuwa. Af, kafin wani ya ce Run-DMC 'yan Def Jam ne: ba haka ba ne. Simmons ne manajansu, kuma Run ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, amma faifansu a kamfanin Profile suke fita.

Yaron farko da gidan ya yaye shi ne LL Cool J, yana ɗan shekara 16. Kaset ya aiko da shi ɗakin Rubin, kamar yadda ɗimbin samari ke yi, har wani daga cikin 'yan Beastie Boys ya tsinto shi a cikin tarin kasusuwa ya ce a saurara. Ba wanda ya san shi a wajen unguwarsu. Faifansa na farko ya yi kasuwar da ta sa babban kamfanin Columbia ya ƙulla yarjejeniyar rarraba kaya da Def Jam a 1985. Wannan yarjejeniya ita ce ƙashin bayan komai, domin a zamanin da babu intanet, ƙaramin kamfani zai iya gano mawaƙi ya naɗi waƙa, amma buga faifai dubbai, da kai su shagunan ƙasa mai faɗin Amurka, da shigar da su gidajen rediyo, aikin mai jari ne. Daga nan sai kundin Beastie Boys na 1986, Licensed to Ill, ya zama kundin gambara na farko da ya hau matsayi na ɗaya a babban jadawalin Billboard, mai jera kundayen da suka fi kasuwa a Amurka. A 1987 Public Enemy suka fito. Jagoransu Chuck D ma ba ya son shiga harkar, yana ganin ya girme ta, Rubin ne ya yi ta naci har ya yarda. Slick Rick ya biyo baya da kundinsa na farko a 1988. Dubi bambancin da ke tsakaninsu: matashi mai taƙama da waƙar soyayya, fararen samari uku masu shiririta, ƙungiya mai zafin siyasar baƙar fata, da mai ba da labari cikin waƙa. Gida ɗaya, shekara huɗu kacal.

Kada ka ɗauka waliyyai ne. Beastie Boys sun bar gidan cikin rigimar kuɗin ladansu suka koma Capitol. Rubin kansa ya raba gari da Simmons a 1988 ya tafi Los Angeles ya buɗe nasa. Abin lura shi ne gidan bai rushe ba bayan tafiyar mai kunnen. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Death Row kuwa a 1991 aka kafa shi a Los Angeles. Manyan ginshiƙansa biyu su ne Suge Knight, tsohon ɗan ƙwallon Amurka da ya yi aikin gadin mawaƙa, da Dr. Dre, wanda ya baro ƙungiyar N.W.A da kamfanin Ruthless na Eazy-E saboda yana ganin ana cin guminsa. Kamfanin Interscope ne ya ɗauki nauyin rarraba musu kaya. A Disambar 1992 Dre ya saki The Chronic, kuma a gaskiya babu wani kundi ɗaya tilo na Def Jam da ya juya akalar sauti kamar yadda wannan ya yi. Ya ɗebo daga kiɗan George Clinton na shekarun 1970, ya rage masa gudu, ya ƙara nauyin ganga, ya ɗora wata siririyar sarewar lantarki a sama, kiɗan da ya dace da mota mai tafiya sannu a hankali. Kafin wannan lokaci New York ce alƙiblar gambara. Bayansa sai kowa ya waiwaya yammacin Amurka, inda Los Angeles take.

Yanzu ɗauko mudun nan ka auna ukun da ka lissafa. Dre ya shigo Death Row ne yana tauraro, ya riga ya haɗa kiɗan da aka sayar miliyoyi a Ruthless, kuma shi mai gida ne, ba yaron gida ba. Tupac ya riga ya fitar da kundi uku nasa na kansa kafin ya zo, na ukun ma, Me Against the World, ya hau matsayi na ɗaya a 1995 alhali yana tsare a gidan yari a jihar New York. Abin da ya kai shi Death Row beli ne, dala miliyan 1.4, a Oktoban 1995, bisa sharaɗin ya sa hannu a kwantiragi. All Eyez on Me ya fito a Fabrairun 1996, aka harbe shi a Las Vegas ranar 7 ga Satumba, ya rasu ranar 13 ga wata yana da shekara 25. Duka zamansa a gidan bai cika shekara ɗaya ba. Sunansa ya manne da na Death Row ne saboda a nan wutarsa ta fi ci kuma a nan ta mutu, amma ba su suka kunna ta ba.

Saura Snoop, kuma a kansa na sallama maka ba gardama. Yadda Dre ya raine shi darasi ne. Bai yi gaggawar fitar masa da kundi ba. Ya fara sa shi a waƙar wani fim a 1992, sannan ya baza muryarsa a ko'ina cikin The Chronic, har mutane suka shekara suna ƙishirwarsa. Da Doggystyle ya fito a Nuwamban 1993, sai ya faɗa matsayi na ɗaya kai tsaye, aka sayar da kwafi sama da 800,000 a makon farko, abin da ba a taɓa gani ba ga kundin farko na sabon mawaƙi a lokacin. Bayan Snoop akwai Daz da Kurupt na Tha Dogg Pound da kundinsu na 1995. Daga nan lissafin ya fara ƙarewa. Lady of Rage, wadda kowa ya shaida kaifin bakinta, ta yi ta jiran layi sai a 1997 kundinta ya fito, lokacin gidan ya riga ya kama da wuta.

Labarin da ya fi nuna mini bambancin gidajen biyu shi ne na Warren G. Shi da Dre 'yan gida ɗaya ne, mahaifinsa ya auri mahaifiyar Dre. Shi ne abokin Snoop tun suna yara a Long Beach, kuma shi ya kunna kaset ɗin ƙungiyarsu a wajen wani taro har Dre ya ji muryar Snoop. Wato shi ya kawo wa Death Row babban tauraronsu. Duk da haka gidan bai ba shi kwantiragi ba. Wa ya ɗauke shi? Def Jam, daga can ɗaya gefen ƙasar, a daidai lokacin da bashi ya kai musu iya wuya. Kundinsa na 1994 ya sayu miliyoyi, kuma mutanen Def Jam da kansu sun sha faɗin cewa shi ya ceto kamfanin. A shekarar ce babban kamfanin PolyGram ya sayi rabin Def Jam. Abin da wani ya zubar a ƙofar gidansa, shi ya zama jarin maƙwabci.

Daga tsakiyar shekarun 1990 Def Jam ya sauya salo. Maimakon dogaro da kunnen mutum ɗaya, sai ya zama babbar rumfa da ƙananan gidaje ke shiga ƙarƙashinta: Roc-A-Fella na Jay-Z da Damon Dash, Ruff Ryders da suka kawo DMX, Murder Inc. na Irv Gotti da ya fito da Ja Rule, da reshen kudu da ya ɗauko Ludacris daga Atlanta a 2000. DMX ya fitar da kundi biyu a 1998 kaɗai, kowanne ya hau matsayi na ɗaya. Kanye West, wanda aka daɗe ana kallonsa a matsayin mai haɗa kiɗa kawai ana hana shi makirufo, ya fito da kundinsa na farko a 2004 ta Roc-A-Fella a ƙarƙashin wannan rumfa. Jay-Z ya zama shugaban Def Jam a 2005, a zamaninsa aka ɗauki Rihanna, aka fitar da kundin Young Jeezy da na Rick Ross.

Na san abin da za ka ce: ai mudun nan nawa ya kama ni. Gaskiya ne, ya kama wani ɓangare. Jay-Z ba Def Jam ne suka gano shi ba, kamfanoni sun ƙi shi sai ya kafa nasa ya fitar da kundin farko a 1996 kafin su haɗa hannu a 1997. Ludacris ma ya riga ya sayar da kundinsa da kansa, yana aiki a gidan rediyo. A wannan zango Def Jam tsani ne, ba mahaifa ba. To amma ko ka cire waɗannan, ka bar LL Cool J da Beastie Boys da Public Enemy da Redman da DMX, ma'aunin bai koma gefen Death Row ba.

Me ya hana Death Row yin irin wannan? Kunne ɗaya gare su, kuma ya tafi. Dre ya fice a farkon 1996, ya gaji da tashin hankalin da ya mamaye situdiyo, ya kafa Aftermath. Kafin nan Knight ya riga ya rura wutar gaba da kamfanin Bad Boy na New York, inda ya yi wa mai shi, Sean Combs, gugar zana a bainar jama'a a bikin karrama mawaƙa na mujallar The Source a Agustan 1995. A shekarar ce kuma babban kamfanin Time Warner ya sayar da hannun jarinsa a Interscope saboda matsin 'yan siyasa kan kalaman waƙoƙin. Bayan kisan Tupac aka yanke wa Knight ɗaurin shekara tara a 1997 saboda karya sharuɗɗan sakin talala. Mahaifiyar Tupac ta maka kamfanin a kotu kan kuɗin ɗanta. Snoop ya tattara ya koma No Limit na Master P a 1998. Ganiyar gidan duka shekara huɗu ce.

Idan kana so ka ga abin da Death Row ya yi asara, leƙa Aftermath. Eminem a 1999, 50 Cent a 2003 tare da gidan Eminem, Kendrick Lamar a 2012 tare da gidan da ya raine shi, TDE. Wasu na son su lissafa waɗannan a ladan Death Row wai jini ɗaya ne. Ni ban yarda ba. Baiwar a kunnen Dre take, da ita ya zo, da ita ya tafi.

Saboda haka da tambayarka ita ce wane gida ne ya fi girgiza duniya a ɗan ƙanƙanin lokaci, da na ba ka Death Row na yi shiru. Amma ka ce wane ne ya fi fito da mawaƙa, kuma nan Def Jam ne da tazara mai nisa. Yana nan har yau a ƙarƙashin babban kamfanin Universal, a 2020 ma ya buɗe reshen Afirka da ofisoshi a Legas da Johannesburg. Death Row kuwa ya karye a 2006, aka yi gwanjonsa a 2009 kan dala miliyan 18, ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har a 2019 ya faɗa mallakar Hasbro, kamfanin da ke ƙera wa yara kayan wasa. Knight yana gidan yari, an yanke masa shekara 28 a 2018 kan mutuwar wani mutum da ya take da mota. A Fabrairun 2022 aka sake sayar da sunan gidan, kuma wanda ya saya shi ne Snoop Dogg.